Auna Abin da Ke Hana Mai Ciwon Zuciya Barin Sigari

Gabatarwa

Umarnin farko da likita kan bai wa mai ciwon zuciya da ke shan sigari gajere ne: ya bari. Dalilin kuwa a fili yake. Sinadarin nikotin yakan tsuke jijiyoyin jini ya kuma ƙara saurin bugawar zuciya, ita kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin takan maƙale wa jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ke nan zuciya takan ƙara aiki alhali abincinta ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wanda ya bar taba bayan jijiyar zuciyarsa ta toshe, ya rage haɗarin sake aukuwar haka da rabi. Duk da haka, majinyata da dama sukan koma wa sigari bayan an sallame su. Hausawa kan ce sabo turken wawa, amma a ilmin likitanci turakun da yawa, kuma sai an san wanda ya ɗaure mutum kafin a iya kwance shi.

Yadda Ake Awon

A shekarar 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Suwidin, Karl Fagerström, ya tsara wasu tambayoyi don auna ƙarfin kamun nikotin. An sabunta su a 1991, suka zama guda 6, masu maki daga 0 zuwa 10. Ɗaya daga cikin mafiya nauyi ita ce: minti nawa bayan farkawa daga barci ake kunna karan farko? Wanda ke kunnawa cikin minti 5 yana da maki 3, wanda kuwa kan wuce awa ɗaya ba shi da ko ɗaya.

Sai dai wannan ma'auni jiki kaɗai yake dubawa. Saboda haka a 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka fito da wani mai tambayoyi 21, wanda ya kasa matsalolin gida biyu. Akwai na cikin mutum, kamar ƙwawa da damuwa da fushi. Akwai kuma na waje, kamar zama cikin mashaya, da tsadar magani, da rashin mai ba da shawara. Amfanin wannan rarrabewa shi ne kowace matsala da nata magani. Wanda ƙwawa ta kama, ana iya ba shi cingam ko filastar nikotin bisa kulawar likita, domin raɗaɗin bari ya fi tsanani ne a makon farko, sa'annan ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Wanda kuwa majalisa ce matsalarsa, filasta kaɗai ba za ta fisshe shi ba.

Mudun Wata Kasuwa

Duk mai awon hatsi ya san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba. Haka tambayoyin bincike suke. Shi ya sa masana a ƙasar Iran, alal misali, ke mayar da irin waɗannan ma'aunai zuwa Farisanci, su kuma gwada su a kan masu ciwon zuciya kafin su amince da su. Ƙa'idar ita ce mutum biyu su fassara kowa daban, wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa harshen farko, a gwada a kan mutane kaɗan, sa'annan a sake yi musu tambayoyin bayan kamar mako biyu don a ga ko amsa za ta sauya.

A Kudancin Kano

Idan za a yi wannan aiki a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, akwai abubuwan lura. Na farko, kunya. Dattijon da ɗansa ya rako asibiti da wuya ya amsa cewa yana shan taba a gabansa, don haka sai a keɓe shi, a kuma karanta masa tambayoyin da baki. Ana iya tabbatar da amsarsa da na'urar auna kabon monoksaid a numfashi. Na biyu, lissafi. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma har yanzu haka ake saye a tebura da yawa, kuma mai sayen ɗaiɗai bai cika sanin adadin da yake sha a yini ba. Na uku, ba kowace taba ce sigari ba; akwai garin taba da ake shaƙa ko a sa a baki, akwai kuma shisha. Na huɗu, sana'a. Direban da ke bin hanyar Kwanar Dangora zuwa dajin Falgore da dare, ko mai gadin gonar rani kusa da madatsar ruwa ta Tiga, na iya ɗaukar sigari a matsayin maganin barci. Na biyar, nisa. Mutumin Doguwa da ke ganin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da tafiya mai tsawo tsakaninsa da mai ƙarfafa masa gwiwa.

Haka kuma a watan azumi tambayar karan farko ba ta aiki yadda aka tsara ta, domin mai azumi kan yini bai kunna ba. Wannan juriya kuwa hujja ce da ma'aikacin lafiya zai iya nuna wa majinyaci cewa bari mai yiwuwa ne.

Kammalawa

Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ma'aunin da aka tsara da Hausar da mutanen waɗannan garuruwa ke ji, aka kuma gwada ingancinsa, zai ba jami'in ƙaramin asibiti damar gane turken kowane majinyaci cikin 'yan mintoci. Ribar kuwa babba ce: shekara ɗaya bayan bari, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan sauka zuwa kusan rabin na mai sha.