OSTARALIYA: TASWIRA BIYU A BANGON AJI GUDA

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakwal a ƙasar nan ya san darasin da mushe ke kira tarihi da labarin ƙasa. An koya mana sunayen koguna da na duwatsu, mun haddace manyan biranen duniya, mun zana iyakoki da jan alƙalami. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar wanda ya zana taswirar, ko wanda ya raɗa sunayen da ke cikinta. A Ostaraliya wannan tambaya ta zama gardamar ƙasa baki ɗaya. Ta shiga kotu, ta shiga majalisa, ta kai ga akwatin zaɓe, yau kuma ga ta a gaban ƴan makaranta. Masu karatu, ku biyo mu mu duba yadda ake koya wa yaran wannan ƙasa mai nisa labarin ƙasarsu, da dalilin da ya sa darasin bai yiwuwa in ba a ambaci Aborijin, wato ƴan asalin ƙasar, ba.

Taswirar farko

Taswirar farko ita ce wadda kowa ya sani. Ostaraliya tsibiri ce, nahiya ce kuma, mai faɗin murabba'in kilomita wajen miliyan 7 da dubu 700, wato ninki shidda na faɗin Nijar. Amma mutanenta ba su wuce wajen miliyan 27 ba. Tana da jihohi shidda da manyan yankuna biyu, babban birninta Kambera. Da yake tana kudancin duniya, lokutan shekara a juye suke: watan Janairu ne tsakiyar zafi, watan Yuli kuma sanyi.

Abin da malami ke fara nuna wa ɗalibbai shi ne ruwa. Jerin duwatsu mai tsawon kilomita 3.500 ya bi gaɓar gabas tun daga arewa har kudu, yana tare iskar teku mai ɗauke da damina. Gabas da duwatsun akwai ruwa da gonaki da manyan birane kamar Sidni da Birisben. Yamma da su ƙasa tana ƙara bushewa har a kai tsakiya, inda hamada da busasshen daji suka mamaye. Shi ya sa mafi yawan jama'a suke zaune kusa da teku. Kogin Mare, mai tsawon kilomita 2.500, shi da kogin Dalin da ke zuba cikinsa, su ne jijiyar noman ƙasar. A ƙarƙashin busasshiyar ƙasar kuma akwai wani babban rumbun ruwa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 700, wanda rijiyoyinsa suka ba makiyayan shanu da tumaki damar kutsawa cikin daji. Ku riƙe wannan, domin rijiya da makiyaya za su dawo cikin labarinmu.

Taswira ta biyu

A shekarar 1996 wata cibiyar bincike da ke Kambera, wadda ake taƙaita sunanta AIATSIS, ta fitar da wata taswira daban. Siffar ƙasar ba ta canza ba, amma babu iyakokin jihohi. A maimakonsu akwai ɗaruruwan yankuna masu launi iri-iri, kowane da sunan al'ummar da ke da shi da harshenta: Wiradjuri, Yolngu, Noongar, Arrernte, Gurindji da sauransu. Wannan taswira ce ake liƙawa kusa da ta farko a azuzuwa da yawa, kuma akan fara da tambayar yaro: makarantarmu bisa ƙasar wace al'umma take?

Masu tonon kayan tarihi sun tabbatar da cewa mutane suna zaune a nahiyar tun shekaru 50.000 aƙalla, wasu binciken ma sun kai lissafin 65.000. Lokacin da Turawa suka iso ana magana da harsuna fiye da 250. Kowace al'umma ta san iyakarta, da rijiyoyinta, da wuraren da take tsarkakewa, kuma ana adana sanin hanyoyi cikin waƙoƙi da ake gada daga kaka zuwa jika. A Budj Bim, cikin jihar Biktoriya, mutanen Gunditjmara sun gina magudanan dutse na kiwon kifi tun shekaru 6.600 da suka wuce, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2019. A arewa kuwa, masu gadin daji ƴan Aborijin sun farfaɗo da dabarar kakanninsu ta ƙona ciyawa kaɗan-kaɗan a farkon rani domin hana babbar gobara a ƙarshensa.

Ko sunaye darasi ne. Babban jan dutsen da ke tsakiyar ƙasar, mai tsayin mita 348, wani Bature mai yawon bincike ya raɗa masa sunan wani shugaban mulkin mallaka, Ayers, a 1873. Mutanen Anangu kuwa tun fil azal Uluru suke ce masa. An maida musu dutsen ranar 26 ga Oktoba 1985, an kuma hana hawansa ranar 26 ga Oktoba 2019, bayan sun daɗe suna roƙon masu yawon buɗe ido su daina takawa.

Ƙasar da aka ce ba ta da mai ita

Kyaftin Kuk ya bi gaɓar gabas a 1770 ya ce ta zama ta sarkin Ingila. Ranar 26 ga Janairu 1788 gwamna Arthur Phillip ya kafa tuta a wurin da ya zama Sidni, bayan ya iso da jiragen ruwa 11 cike da fursunoni da sojoji. Ingila ba ta ƙulla yarjejeniya da kowa ba, saɓanin abin da ta yi da Maori a Niyu Zilan a 1840. Alƙalai sun ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, abin da ake kira terra nullius da Latinanci. Ma'aikacin da ya karanta dokokin zamanin Faransa zai gane wannan dabara, domin dokar 1904 ta Afirka ta Yamma ita ma ta ce filayen da babu kowa kuma ba su da mai su na gwamnati ne.

Abin da ya biyo baya mai ɗaci ne. Agana ta ɓarke a yankin Sidni a 1789 ta kashe jama'a masu yawa. Makiyaya Turawa suka bi rijiyoyi da koguna suna kora masu su, wanda ya tsaya a harbe shi. A Myall Creek, a 1838, an yi wa mutane 28 aƙalla kisan gilla, akasarinsu mata da yara da tsofaffi. An rataye Turawa 7 saboda haka, abin da ba a cika gani ba a wancan zamani. An ci gaba da irin wannan kisa har zuwa na Coniston a 1928. Da jihohin suka haɗu suka zama tarayya a 1901, kundin tsarin mulki ya ce kada a sa Aborijin cikin lissafin jama'ar ƙasa.

Sai kuma ɗauke yara. Rahoton hukumar bincike da ya fito a 1997 ya nuna cewa tsakanin 1910 da 1970 an raba daga yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin ukku da iyayensu da ƙarfin doka, aka kai su gidajen marayu, ko na mishan, ko hannun Turawa, aka hana su harshensu. Wasu daga cikin waɗannan yara suna raye, jikokinsu kuma suna zaune cikin azuzuwan da ake wannan darasi.

Matakan neman haƙƙi

A ajin shekara ta goma, wato ƴan shekara 15 zuwa 16, ake karanta tarihin gwagwarmayar. Ranar 26 ga Janairu 1938, lokacin da Turawa ke bikin cika shekara 150, William Cooper da abokansa suka yi taron zaman makoki a Sidni. A 1962 Aborijin suka samu ƴancin jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. A 1963 mutanen Yolngu na Yirrkala suka aika wa majalisa koke a manne bisa ɓawon itace, cikin harshensu da Ingilishi, saboda an ba kamfanin haƙar ma'adinai ƙasarsu ba da shawararsu ba. A 1965 Charles Perkins ya jagoranci ɗalibban jami'ar Sidni cikin babbar mota, suna bin ƙananan garuruwa suna tona asirin wuraren da ake hana baƙar fata shiga.

Ranar 23 ga Agusta 1966 Vincent Lingiari ya fito da mutanen Gurindji wajen 200 daga gandun shanu na Wave Hill, mallakar wani kamfanin Ingila, inda suke kiwo a kan ɗan abinci da kuɗɗi ƙalilan. Da farko an zaci yajin aiki ne na neman ƙarin albashi. Su kuwa ƙasarsu suke so. Mai haƙuri yakan dafa dutse: bayan shekara tara, ranar 16 ga Agusta 1975, firaminista Gough Whitlam ya je har wurinsu ya zuba wa Lingiari ƙasa cikin tafin hannu. Dokar 1976 ta buɗe hanyar da ta sa wajen rabin Yankin Arewa ya koma hannun masu shi. Kafin nan, a zaɓen raba gardama na 27 ga Mayu 1967, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe sun amince a riƙa lissafa Aborijin, majalisar tarayya kuma ta samu ikon yin dokoki a kansu.

Babban juyi ya zo ta hannun Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer da ke mashigin Torres, wanda ke aikin lambu a jami'ar Townsville. Malaman tarihi na jami'ar ne suka shaida masa cewa bisa doka gonar gidansu ta gwamnati ce. Ya shigar da ƙara a 1982 tare da wasu ƴan tsibirin. Ranar 3 ga Yuni 1992 kotun ƙoli, da alƙalai shidda cikin bakwai, ta rushe zancen ƙasa marar mai ita. Mabo bai ji hukuncin ba, ya rasu cikin Janairun wannan shekara. Majalisa ta yi dokar haƙƙin gado na ƙasa a 1993, shekarar da Nijar ta fitar da dokar karkara ta 2 ga Maris wadda ta amince da mallakar gargajiya. A 1996 kotun ta ƙara da cewa hayar makiyaya ba lalle ta shafe haƙƙin gado ba. Sai dai dokar tana da ƙaya: dole al'umma ta nuna cewa alaƙarta da ƙasar ba ta yanke ba, wanda aka kora tun kakanni kuwa da wuya ya kawo wannan shaida. Haka mutanen Yorta Yorta suka faɗi a kotu a 2002.

Gardamar manya a kan darasin yara

A 1968 masanin al'adu W. E. H. Stanner ya zargi marubutan tarihin ƙasar da yin babban shiru a kan Aborijin. Da shirun ya fara yayewa, sai wata gardama ta tashi. A 1993 masanin tarihi Geoffrey Blainey ya ce an koma kallon tarihin ƙasa da idon mai takaba, firaminista John Howard kuma ya goyi bayan wannan ra'ayi, ya ƙi neman gafara da sunan gwamnati. Wanda ya gaje shi, Kevin Rudd, shi ya nemi gafarar waɗanda aka ɗauke suna yara, a gaban majalisa, ranar 13 ga Fabrairu 2008. Tsarin karatu na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara fitarwa a 2010 aka sabunta a 2022, ya sa tarihi da al'adun ƴan asalin ƙasa cikin abubuwan da ya kamata su ratsa dukkan darussa, daga labarin ƙasa har kimiyya. Masu suka suna cewa an cika kaya, an kuma rage darajar gadon Turai. Masu goyon baya suna amsawa da cewa yaron da bai san 1788 ba ba zai gane 1992 ba.

Malami ba ya rasa misalin zamani. A 1998 mutanen Mirarr da magoya bayansu suka tare hanyar Jabiluka watanni takwas domin hana buɗe sabuwar mahaƙar yuraniyom, ba a kuwa buɗe ta ba. Wanda ya san Arlit ya san nauyin wannan magana. Cikin Mayu 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan, inda mutane suka zauna tun shekaru 46.000, domin faɗaɗa mahaƙar ƙarfe. Yana da izinin doka, amma fushin jama'a ya sa shugaban kamfanin ya bar aiki. Ranar 14 ga Oktoba 2023 kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe, da dukkan jihohi shidda, suka ƙi amincewa a kafa wa ƴan asalin ƙasa majalisar ba da shawara cikin kundin tsarin mulki.

Ƙidayar 2021 ta samu ƴan asalin ƙasa 812.000, kashi 3,2 cikin ɗari na jama'a. Tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran da wajen shekara takwas, kuma wajen ɗaya cikin ukku na manyan da ke gidan kaso daga cikinsu yake. Ƙalilan irin wannan ba su iya canza kundin tsarin mulki da ƙuri'unsu kaɗai, sai da yardar masu rinjaye. Masu rinjayen gobe kuwa su ne yaran da ke zaune yau gaban taswirorin nan biyu, shi ya sa ƴan siyasa da iyaye ke sa ido bisa kowane layi na littafin aji. Ɗan kasuwa mai sayen fili da ma'aikaci mai sa hannu bisa takardar mallaka duka sun san cewa gardamar ƙasa ba ta tsufa. A Ostaraliya sai da aka shekara 204, daga tutar Phillip zuwa hukuncin Mabo, kafin doka ta yarda cewa akwai masu gida lokacin da baƙi suka sauka.