Harsashin Gini a Bisa Gangare, da Kalmomin Maginan Ƙasar Gusau

Wanda ya bi hanyar mota daga Funtuwa zuwa Gusau, tun daga Tsafe zai fara ganin duwatsu, har ya iso gindin babban dutsen nan na Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu. Daga Gusau kuwa ƙasa sai ta riƙa sauka wajen Gulbin Sakkwato, wanda Bunguɗu ma a bakinsa ta ke. Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara cikin 1996 gari ya yi ta faɗaɗa, har aka kai ga gini a wuraren da mutanen dā su ke ƙyalewa saboda gangare. Nufina a nan in nuna cewa kalmomin da magina ke kiran ƙasa da su sun riga sun ƙunshi rabin shawarar irin harsashin da ya kamata a zaɓa.

Mu fara da kalmar kanta. *Harsashi* shi ne ramin da a kan tona tare da ginin da a kan cika shi da shi, watau abin da ke ɗauke da bango. Lafazinsa ɗaya da harsashin bindiga, amma ba mai ruɗewa. Yanzu 'yan kwangila sun fi cewa *fandisho*. Ban ga laifin aro ba in da bukata, sai dai wannan aro ya zo da wata illa: wanda ya ce fandisho, kankare kaɗai ke zuwa masa a rai, sai ya manta da tambayar da magini na gargajiya ke fara yi, watau wace irin ƙasa ce a ƙarƙashi.

Magini ya kan rarrabe *fa*, shi ne falalen dutse shimfiɗaɗɗe, da *marmara*, da *burji*, da *jigawa* mai rairayi, da *laka* ta fadama, da kuma *ciko*, ƙasar da mutum ya zuba da hannunsa. Uku na fari su kan ɗauki nauyi. Jigawa ta kan ɗauka muddin ruwa bai kwashe ta ba. Laka ta kan kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ciko kuwa shi ne mugun, gama ya kan yi shekaru yana zama.

To, a nan ne gangare ke kawo wahala. Mai gida yana son daɓensa ya daidaita, saboda haka sai ya sare tudu ta sama, ya kwashe ƙasar ya zuba ta ƙasa. Ido zai ga fili ɗaya, alhali kuwa biyu ne: rabin ɗaki yana bisa ƙasa ta asali, rabi bisa ciko. Bayan damina biyu ko uku cikon ya lotsa, bango ya tsage daidai inda su ka haɗu. Yaɓe ba ya maganin irin wannan tsaga, don ciwon ba a bango ya ke ba.

Inda gangaren ba shi da tsanani, ƙasar kuma burji ce ko marmara, abin da ya fi shi ne harsashi mai matakala. A kan tona ramin hawa-hawa, kowane hawa gindinsa a daidaice, yana zaune bisa ƙasa ta asali. Kada a kwantar da gindin rami ya bi gangare, don nauyin ɗaki zai riƙa tura shi ƙasa. Tsawon kowane mataki a kan daidaita shi da jerin bulo, domin kada a yi ta sare bulo. Kankaren hawa na sama kuma lalle ya hau kan na ƙasa, kada hawan ya gaza ninki biyu na tsawon matakin, kada kuma ya gaza inci 12. Wannan ƙa'ida daga dokokin gini na Ingila ta fito, tana kuwa da dalili, gama wurin matakin nan ne harsashi ya fi rauni.

Idan gangaren ya yi tsanani, matakala sai ta cinye bulo da siminti. Sa'an nan gara ginshiƙai: a tona ramuka ɗai-ɗai har a tarad da ƙasa mai ƙarfi, a kafa ginshiƙan kankare da rodi, a haɗa kawunansu da ɗauri. Bisa laka ta bakin gulbi kuwa, faifan kankare guda mai rodi ya fi, don in ƙasa ta motsa ɗakin ya motsa gaba ɗaya.

Dutse fa yana da tasa yaudarar. A gindin duwatsun Tsafe (Turawa dā su kan rubuta Chafe) da na Kwatarkwashi akwai manyan duwatsu da su ka gangaro tun zamani, ƙasa ta binne su. Mai tono ya ci karo da ɗaya, ya ce ya kai fa, alhali dutsen a bisa rairayi ya ke zaune. Magina sun san bambancin, shi ya sa su kan faɗaɗa rami su nemi gefensa. Ko fa ɗin na gaskiya ne, in ya karkata sai an sassaƙe shi hawa-hawa, ko a huda shi a kafa rodi, don kada ginin ya zame.

Saura ruwa. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa cikin Agusta gida na gindinsa zai nufa. Saboda haka a haƙa lambatu ta sama da gida tun ba a aza bulo ba. Bangon da ke tare ƙasa a bar masa kafofi ta ƙasa, a zuba tsakuwa a bayansa, in ba haka ba ruwan da ya taru zai ture shi. Maginan tubali sun san wannan: su kan kaurara gindin bango, inda dutse ke da yawa su jera shi a ƙasa, su kuma tsawaita indararo.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, shawarata ita ce a aiki ɗalibai wurin tsofaffin magina na garuruwan nan uku, su rubuto sunayen ƙasa da lafazin wurin, su tambayi kowane magini zurfin da ya kan tona a kowace iri.