Kunnuwan Farko na Wake: Me Ya Sa Masara Ke Farfaɗowa, Wake Kuwa Ya Mutu?

Akwai tambayar da ba ta barinmu a duk zagayen da muke yi wa ikilisiyoyin Ikara, Maƙarfi da Kudan idan damina ta kama. Akuya ta shiga gona ta cinye kan masara da na wake a rana ɗaya. Bayan mako guda masarar ta sake fitowa, waken kuwa shiru. Wasu har cewa suke bakin akuya dafi ne ga wake. Ba dafi ba ne. Amsar tana cikin ƙwayar irin.

A jiƙa ƙwayar wake ta kwana, a murje fatar. Za ta rabu ɓari biyu, da ɗan tsiro a maƙale tsakaninsu. Waɗannan ɓarin biyu su ne guzurin da Allah ya ɗaura wa tsiron, da su yake ci kafin saiwarsa ta kama ƙasa, ganyensa ya fara aiki da hasken rana. Haka gyaɗa take, haka waken suya. Masara da dawa da gero ɓari ɗaya ne da su, ga gari a gefe, shi ya sa ba sa rabuwa biyu. Wani limamin coci a Ingila mai suna John Ray ne ya fara kasa tsirrai bisa wannan bambanci, a ƙarshen ƙarni na 17, kuma har yau da shi ake koyarwa a makarantun aikin gona.

Ga inda bambancin ya shafe mu. Masara tana barin ƙwayarta a ƙarƙashin ƙasa, ta turo tsinke mai kaifi sama. Idon da ke fitar da sababbin ganye yana nan a ɓoye cikin ƙasa har ta yi ganye wajen 6, kusan mako 3 ke nan. Abin da akuya ta ci a wannan lokaci ganye ne kawai, idon na nan lafiya. Wake da waken suya kuwa da guzurinsu suke fitowa. Karan yakan lanƙwashe kamar ƙugiya, ya jawo ɓarin biyu waje, su buɗe su zama kunnuwan nan masu kauri da muke gani. Dukan idanun tsiron suna daga kunnuwan zuwa sama. In an datse shi a ƙasa da su, babu inda zai sake tohowa.

Amma in sama kaɗai aka ci, kunnuwan na nan, kada a yi gaggawar sake shuka. Akwai idanu a hammatar kunnuwan, musamman ga waken suya, kuma daga nan yakan fid da rassa. A ba shi kwana 4 ko 5 a gani. Binciken da aka yi kan waken suya a Amurka ya nuna kunnuwan na ciyar da tsiro kwana 7 zuwa 10 bayan fitowarsa. Rasa kunne ɗaya ba ya yin wata ɓarna, rasa duka biyun da wuri ne ke rage amfani. Saboda haka makon farko shi ne makon tsaro. A nan muna roƙon dattawan ikilisiya su yi sanarwar ɗaure dabbobi tun kafin shukar wake ta ƙarshen Yuli da Agusta. Mutane kan sassauta igiya da zarar masara ta yi tsawo, alhali a lokacin ne wake ke fitowa.

Ƙugiyar nan kuma tana da rauni. Jawo ɓari biyu masu faɗi ta cikin ƙasa aiki ne mai nauyi. Ƙasarmu ta yankin Zariya tana yin ɓawo in ruwa mai ƙarfi ya dake ta rana kuma ta biyo baya. Masara takan huda ɓawon, amma wake sai wuyansa ya kumbura, wani lokaci ya karye a ciki, mai gona ya ce iri ne ba kyau. Zurfin rami shi ma haka yake yi, guzuri ya ƙare a hanya. Santimita 3 zuwa 5 ya isa, wato kamar gaɓa biyu na yatsa, kuma kada a danne ramin da diddige da ƙarfi kamar yadda ake yi wa dawa. In ƙasa ta yi ɓawo kafin fitowa, a farfasa shi a hankali da hannu ko ɗan itace.

Sai batun irin kansa, wanda a ganinmu nan ne asarar ta fi yawa. Hujin da ƙwaro ya yi a wake guzurin tsiro ne ya cinye. Irin zai iya fitowa, amma siriri, ba ƙarfi. 'Yan zumuntar mata da ke ajiye iri su busar da shi sosai, su zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Gyaɗar shuka a bar ta cikin ɓawonta sai dab da shuka. Waken suya ya fi su duka saurin mutuwa a ajiya, kuma dukan sanda mai ƙarfi wajen sussuka na tsattsaga shi. Wanda ya wuce shekara ɗaya ba mu yarda da shi ba.

Ko iri na gida ne, ko na kasuwar Maƙarfi, ko irin SAMPEA na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a gwada shi mako 2 kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera a tsumman buhu mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga masu lafiyayyar saiwa da cikakkun ɓari biyu kaɗai. Shawararmu ita ce, daga 80 zuwa sama a shuka yadda aka saba. Tsakanin 60 da 80 a ƙara ƙwaya ɗaya a kowane rami. Ƙasa da 60 a dafa shi a ci in ba a sa masa magani ba, a nemi wani irin ta hannun malaman gona na shiyyar Maigana tun da sauran lokaci.