Garin Neman Gira: Mai Shayarwa Da Batun Rage Ƙiba

Ranar da aka ɗora 'yata ta uku a kan ma'auni a ɗakin rigakafi, tana da mako 14 a duniya, ma'aikaciyar jinya ta duba katin awo, ta sake duba ma'aunin, sannan ta ɗaga kai ta kalli uwargidana. Ta ce, "Hajiya, me kike ci?" Nauyin yarinyar bai ƙaru yadda ake so ba tun awon da ya gabata. Uwargida ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Sai da muka shiga mota ta fayyace mini. Kusan wata biyu ke nan ta daina karin kumallo. Da rana ɗan kwaɗon zogale, da dare wani shayin rage ƙiba da ta saya wajen wata mai talla a WhatsApp. Yunwa da gajiya suka sa barci ke kwashe ta, har shayarwar dare ta ragu. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, ka manta ranar da na yi arba'in ka ce sai dai a ƙara wa ƙofar ɗaki faɗi?"

Wallahi na manta. A wurina raha ce ta minti ɗaya; ita kuwa ta kwana da ita, ta tashi da ita. Magana zarar bunu ce. Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin lamarin kamar yadda nake bin aikin ɗalibaina a jami'a, kuma abin da na tsinta nake son raba wa mai karatu.

Mai jego a ƙasar Hausa a yau tana tsakanin bakuna biyu. Na farko bakin iyaye da kakanni, waɗanda ke auna kulawar miji da kumatun matarsa. Kwana arba'in ana ɗura mata kunu, tuwo, farfesu da gasasshen nama da yajin jego, idan ta fito ba ta yi ɓul-ɓul ba a ce ba a iya jego ba. Na biyu bakin zamani, wato hotunan Instagram da TikTok, inda mace ke haihuwa yau, bayan mako uku ta fito kamar ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. A tsakanin bakunan nan akwai jariri wanda ba ya magana, kuma abincinsa kaf yana jikin wannan baiwar Allah.

Mu fara da lissafi. Macen da nauyinta yake daidai kafin ciki, likitoci na sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16. A ranar haihuwa kimanin kilo 5 zuwa 6 kan tafi: jariri, mabiyiya da ruwa. A cikin abin da ya saura akwai kitsen da jiki ya tara da gangan, tamkar rumbun da manomi ke cikawa kafin rani, domin a yi nono da shi. A watanni shida na farko mai shayarwa kan samar da kimanin mililita 750 na nono a kullum, wato ledar ruwa ɗaya da rabi, kuma wannan aiki na cin kusan kalori 500 a rana. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci. Ke nan shayarwa ita kanta tana ɗibar rumbun nan sannu a hankali, ko da yake ba kowace mace ce ke ganin sakamakon da wuri ba.

To, za a iya rage ƙiba ba tare da an taɓa abincin jariri ba? Ana iyawa, amma da sharaɗi. A shekarar 2000, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa binciken Cheryl Lovelady da abokan aikinta a Amurka, kan mata 40 masu ƙiba da ke shayar da nono zalla. An rage wa wani rukuni daga cikinsu kalori 500 a rana, tare da motsa jiki na minti 45 sau huɗu a mako. Sun riƙa sauke kimanin rabin kilo a mako, kuma jariransu sun girma daidai da na sauran matan. A lura da adadin: rabin kilo a mako, kilo 2 a wata. Masana abinci kuma na gargaɗin kada abin da mai shayarwa ke ci ya gaza kalori 1,800 a rana, kuma kada ta fara komai sai bayan mako 6 zuwa 8, lokacin da jiki ya murmure, nono ya zauna da gindinsa. Kusan daidai da arba'in ɗin da iyayenmu suka ware ke nan. A nan kam sun riga mu gani.

Abu na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci: babban abin da ke kawo nono shi ne tsotso. Duk lokacin da jariri ya kama mama, jiki na sakin sinadaran da ke umartar a ƙara yi. Idan aka bar nono ya daɗe a cike, jiki ya ɗauka ba a buƙata, sai ya rage. Shi ya sa jariri sabon haihuwa ke buƙatar sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Matsalar gidana ba yunwa kaɗai ba ce. Yunwar ce ta haifi gajiya, gajiyar ta cinye shayarwar dare.

Me za a rage, me za a bari? Ba tuwo ne abokin gaba ba. A fara da abin da ke shiga ba tare da ya ƙosar ba. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan kalori 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan 120 ne. Uwar da ta ajiye lemon kwalba, ta rage sukarin kunu da na shayi, ta sassauta man miya, ta yi nesa da cincin da fanke, ta yi rabin aikin ba tare da ta tsallake cin abinci ko sau ɗaya ba. A bar mata wake, ƙwai, kifi, nama, kindirmo, gero, dawa da acca, da miyar zogale, alayyahu, kuka ko kuɓewa, da gwanda da kankana. Wasu sinadaran da ke cikin nono, kamar bitamin A, B12 da aidin, suna bin abin da uwa ta ci ne. Ta sha ruwa duk lokacin da ƙishi ya zo, ta kuma yi tattaki na rabin awa da yamma, ko da kewaya tsakar gida ne da goyonta.

Game da shayin rage ƙiba kuwa, a yi hattara. Da yawansu ganyen filasko ne ko makamancinsa, mai sa gudawa. Ma'auni zai nuna an ragu, amma ruwa ne ya fita, kitse na nan daram. Mafi muni, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla, alhali an janye shi daga kasuwa a can da Turai tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ba ki san me ke cikinsa ba, kada ki sha kina shayarwa. Ɗaurin ciki ma yana iya tallafar jiki, amma ba ya narkar da kitse.

Akwai kuma gaskiyar da masu tallan nan ba sa faɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, kuma kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla, duk da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Da yawan matanmu ƙari suke buƙata, ba ragi ba. Wadda aka yi wa tiyata, ko mai tagwaye, ko mai hawan jini, ciwon suga ko sikila, ta tuntuɓi likita kafin ta sauya komai. Kowace uwa kuma ta sa ido kan alamu biyu: jariri na fitsari aƙalla sau 6 a rana, kuma layin katin awo na hawa.

A gidana mun zubar da shayin. Na karɓi aikin kai yara makaranta domin ta sami barcin safe, muka koma tattaki tare bayan La'asar. A awon gaba layin ya ɗaga. Uwargida ba ta koma cikin tsofaffin kayanta ba sai da yarinyar ta fara tafiya, kuma babu wanda ya mutu saboda jiran.

Kirana na ƙarshe gare mu ne, maza. Jikin da ya ɗauki wata tara yana gina ɗanka bai cancanci ka ba shi wa'adin kwana arba'in ba. Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa, ya kuma ɗora ci da tufatar uwa a wuyan uba. Idan kana son ta rage ƙiba, shigo da ƙwai da kifi maimakon katan ɗin lemo, ka karɓi yaro ta runtsa, sannan ka kama bakinka. Ku kuma 'yan'uwa mata, sannu ba ta hana zuwa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.