Louvre da Orsay a wuni ɗaya: Yadda mai ƙarancin lokaci a Paris zai ci moriyarsu

Tsakanin gidan tarihi na Louvre da na Orsay a birnin Paris babu nisa. Kogin Seine ne ya raba su, kuma mai tafiya a ƙasa zai tsallaka daga wannan zuwa wancan cikin minti 15. Wannan kusanci shi ke ruɗar baƙi da yawa, musamman waɗanda suka je Faransa taro ko kwas ko kasuwanci, rana ɗaya tak ta rage musu kafin jirgi ya tashi. Sai mutum ya dubi taswira a wayarsa ya ga abin kamar wasa: da safe wannan, da rana wancan.

Abin yana yiwuwa, amma sai an zaɓi rana, kuma sai an haƙura da ganin mafi yawan abin da ke ciki.

A Louvre kaɗai akwai kaya kusan 35,000 da aka baje wa masu kallo. Wanda ya ce zai tsaya rabin minti a gaban kowanne, zai ci awa 290 da ɗoriya, wato fiye da wata guda yana zuwa kullum daga buɗewa zuwa rufewa. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce da aka mayar gidan tarihi a 1793, mai sassa uku: Denon, Sully da Richelieu. A 2024 mutum miliyan 8.7 ne suka shige shi, duk da cewa hukumar gidan ta ƙayyade mutum 30,000 a rana. Cunkoson ya kai ga a watan Yunin 2025 ma'aikatan suka ƙi buɗe ƙofa na wasu sa'o'i, dubban masu riƙe da tikiti suna tsaye a waje.

Orsay ƙarami ne idan aka kwatanta. Asalinsa tashar jirgin ƙasa ce da aka gina don bikin baje kolin duniya na 1900, aka mayar da ita gidan zane-zane a 1986. Kayansa na shekarun 1848 zuwa 1914 ne, wato daga inda Louvre ya tsaya shi ya ɗauka. Mai himma zai iya ganin muhimman ɗakunansa cikin awa uku.

Kafin a yi maganar wanne za a fara, ranar ce ke yanke hukunci. Ran Litinin Orsay a rufe yake, ran Talata kuma Louvre. Asabar da Lahadi duka biyun suna rufewa da ƙarfe 6 na yamma, ga taron jama'a. Ranaku uku ne suka rage. Laraba da Juma'a Louvre yana kaiwa ƙarfe 9 na dare, ran Alhamis kuma Orsay ne ke kaiwa 10 saura kwata. Waɗannan awoyi uku na dare su ne ke ba mutum damar ya zauna ya ci abinci ya huta tsakanin gidajen biyu.

Ga mai sha'awar bin tarihi daki-daki, Alhamis ta fi: ya fara da Masar da Iraƙi ta dā a Louvre da safe, ya ƙarasa da masu zanen ƙarni na 19 da dare. Sai dai wannan tsari yana da tarko. Louvre ba ya sakin mutum da wuri. Wanda ya shiga da ƙarfe 9 da niyyar fita da azahar, sau da yawa sai la'asar ta same shi yana neman hanyar fita, ya isa Orsay ƙafafu sun yi nauyi, ido ya daina bambance zane da zane. Masu harkar gidajen tarihi sun daɗe da sanin wannan gajiya. Tun a 1916 wani jami'in gidan zane-zane na Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta, yana nuna yadda yawan sunkuyawa da miƙewa da tsayuwa ke cinye ƙarfin mai kallo.

Shi ya sa Laraba ko Juma'a ta fi dacewa da mafi yawan baƙi. A fara da Orsay da ƙarfe 9 da rabi, a haura kai tsaye hawa na biyar kafin jama'a su cika shi. Nan ne zanen Monet da Renoir da Degas suke, mutanen da suka bar zanen sarakuna da yaƙe-yaƙe suka koma zana haske a kan ruwa da talakawa a bakin aikinsu. A gidan ne kuma ake ganin zanen Van Gogh na daren taurari a kan kogin Rhone, wanda ya yi a 1888, da hoton fuskarsa da ya zana da kansa a 1889. Ta bayan gilashin ƙaton agogon tashar ana hango Louvre a tsallaken kogi. Wanda ya je da iyali ya sani cewa a gidajen biyu akwai zane da gumaka na tsiraici, wasu a buɗe ƙwarai, don haka ya tsara ɗakunan da zai bi tun kafin ya shiga.

Da tsakar rana a fita. Gadar ƙafa da ke kusa da Orsay tana ɗauke da sunan Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko, kuma tana sauke mutum a lambun Tuileries, inda akwai kujeru kyauta. Awa biyu na hutu a nan ba asarar lokaci ba ce. Mai son sallar Juma'a ma tazarar ta ishe shi: jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 7 yana ɗaukar mutum daga tashar da ke bakin Louvre zuwa Place Monge, kusa da Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926.

Louvre kuma a shige shi wajen ƙarfe 3, da tikitin da aka saya ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga. Kuɗin ba kaɗan ba ne: daga watan Janairun 2026 baƙon da ya fito daga wajen yankin tattalin arzikin Turai, har da ɗan Najeriya da ɗan Nijar, Yuro 32 yake biya maimakon 22. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga gidajen biyu.

Kowa Mona Lisa yake nema, kuma gara a bar ta sai dare, lokacin da motocin 'yan yawon buɗe ido suka kwashe mutanensu. Zanen na Leonardo da Vinci ƙarami ne, santimita 77 a 53, yana bayan gilashi, kuma ana kallonsa ne daga nesa ta saman wayoyin mutane. Da yawa suna fita ɗakin ba tare da sun juya ba, alhali a bangon da ke fuskantarta akwai zane mafi girma a duk gidan, na bikin aure a Kana da Veronese ya yi, mai faɗin kusan mita 10. A Janairun 2025 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar cewa za a gina wa Mona Lisa ɗaki nata na musamman, amma wannan aiki ne na shekaru.

Awoyin la'asar sun fi amfani a wuraren da ba a turereniya. A sashen Richelieu akwai baƙin dutsen da aka rubuta dokokin Hammurabi, sarkin Babila, kimanin shekara 3,700 da suka wuce. Sashen fasahar ƙasashen Musulmi, wanda aka buɗe a 2012 ƙarƙashin wani rufi mai kama da mayafi a iska, yana ɗauke da wata tasar tagulla ta zamanin Mamluk mai adon zinariya da azurfa, wadda maƙerinta Muhammad ibn al-Zayn ya sa sunansa a jiki. Akwai kuma wani ɗan akwatin hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 domin al-Mughira, ɗan halifan Kurɗuba. Wanda ya ba waɗannan biyu rabin awa zai fi tuna su a kan ɗakuna 20 da ya ratsa da sauri.

Ɗan Najeriya yana da nasa labarin a wannan gini. A 2000, da Shugaba Jacques Chirac ya buɗe sashen fasahar Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi a Louvre, an baje wasu gumakan yumɓu na al'adar Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok a kudancin Jihar Kaduna. An yi ta ce-ce-ku-ce saboda ba bisa ƙa'ida aka fitar da su daga Najeriya ba. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, ita kuma Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25. Suna cikin kayan gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006 kusa da hasumiyar Eiffel. Wannan gida na uku ne, kuma ba ya shiga lissafin wannan rana.

Louvre yana daina karɓar masu shiga awa ɗaya kafin rufewa, kuma masu gadi suna fara fitar da jama'a daga ɗakuna saura rabin awa. Wanda ya ajiye Mona Lisa don ƙarshe, ya tabbata yana gabanta kafin ƙarfe 8 na dare.