Zakkar Fidda Kai: A Ƙidaya, A Auna, A Kai Da Wuri

 

Azumi ya yi nisa, Salla ta ƙarato. Saboda haka yau za mu aje allon baƙaƙe mu ɗauki na lissafi, domin zancenmu na zakkar fidda kai ne, wadda waɗansu ke ce ma zakkar kono. Ku matso kusa da akwatin rediyo, kowa ya riƙe kayensa da abin rubutu.

Mi ake nufi da ita?

Zakkar fidda kai abinci ne da musulmi ke fiddawa a ƙarshen watan azumi ya ba matalauci. An wajabta ta a Madina, shekara ta 2 bayan Hijira, shekarar da anka wajabta azumin kansa. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora ta bisa kowane musulmi, namiji da mace, babba da yaro, kuma ya yi umurni a bada ta kafin mutane su fita idi. Abdullahi ɗan Abbas kuma ya bayyana amfaninta guda biyu. Na farko, tana wanke mai azumi daga maganar banza da batsa da sunka kuɓuce mashi cikin watan. Na biyu, abinci ce ga miskinai.

Wa ke iya rantsuwa cewa ya yi wata guda bakinsa bai yi giba ba, bai yi ma kowa tsawa ba, ko a kasuwa ko a bakin rijiya? Kowane ɗayanmu yana da abin da yake son a wanke mashi.

Kada ku haɗa ta da sauran zakka. Zakkar hatsi ana fidda ta da kaka, kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da gona, kuma sai amfanin ya kai nisabi. Zakkar kuɗi kashi ɗaya cikin arba'in ce, bayan dukiya ta kai nisabi ta shekara a hannu. Zakkar awaki da tumaki tana farawa daga dabba 40. Waɗannan duka na masu abin hannu ne. Ita kuwa ta fidda kai tana kan duk wanda ke da abin da ya ragu bayan abincinsa da na iyalinsa na ranar Salla. Ke nan mai gyaran keke da mai tallar ƙosai suna ciki, kamar yadda babban ɗan kasuwa yake ciki.

Aiki na farko: ƙidaya

Maigida shi ke fidda ma kansa da duk wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa: matarsa ko matansa, ɗiyansa maza da ba su balaga ba, ɗiyansa mata da ba su tare gidan miji ba, da uwayensa idan matalauta ne. Jaririn da anka haifa kafin faɗuwar ranar ƙarshe ta azumi shi ma kai guda ne, ko ba a yi suna ba.

Nan ne karatu ke yi mana rana. Ku rubuta sunan kowa a layi, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ku sa lamba. Wanda ya ƙidaya da ka yakan manta tsohuwa da ke ɗakin baya, ko yaron da ke lakkol a birni.

Magidanta da yawa sun tafi bida, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu Abijan ko Legas. Tafiya ba ta kayar da zakka. Matafiyi ya fidda tasa inda yake, ya buga tarho gida tun da wuri ya wakilta wanda zai fidda ta iyali.

Aiki na biyu: awo

Kowane kai sa'i guda ne. Sa'i guda kuwa mudun Annabi huɗu ne. Ku lura da kyau: mudun Annabi ƙarami ne, ba shi ne mudun kasuwa ba. Shi ne cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, a haɗe. Ka cika hannuwanka sau huɗu, ka fidda kai guda. A kan sikeli sa'i yakan kama daga wajen kilo biyu da rabi zuwa uku, gwargwadon nauyin ƙwayar. Tiyar kasuwanninmu ta yi kusa da haka, amma tiyar wani gari ta bambanta da ta wani. Sai ku gwada tiyarku da mudun da limami ke aje da shi, ku ƙara kaɗan don hankali ya kwanta.

Ga lissafi. Maigida, da matarsa, da ɗiya shida, da tsohuwarsa: kai 9. Tara sau huɗu, 36. Gidan nan zai fidda mudun Annabi 36, wato sa'i 9.

Daga wane abinci? Daga wanda mutanen gari sunka fi ci. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya lissafa gero da dawa da shinkafa tare da alkama da dabino. A ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa hatsi ne cimarmu, shi za mu fidda. Mutumin Yamai da gidansa ya dogara ga shinkafa sai ya fidda shinkafa. Ku bada irin wanda kuke ci. Hatsin gindin rumbu da ƙwari sunka cinye, wanda kai kanka ba ka yarda a dama maka fura da shi, kada ka auna ma marayu shi.

Masu albashi sukan tambaya ko za su iya bada kuɗi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsaya ga abinci. Malaman Hanafiyya sun yarda da ƙima. Wanda larura ta sa zai bada kuɗi ya shawarci malaminsa, kuma ya bi farashin tiya na ranar, kada ya bi na kaka.

Aiki na ukku: lokaci

Ana son a fidda ta ranar Salla bayan asuba, kafin a tafi idi. An kuma yarda a gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya yi sakaci har lokaci ya wuce, tana nan a wuyansa kamar bashi, sai ya biya.

A wani ƙauye da na koyar, wata ɗalibata, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ta gaya mani yadda ta yi wata Salla. Hatsin zakka ya iske ta bayan azahar, maƙwabta sun riga sun ci sun wanke kwanoni. Ta ce ta gode ma masu kawowa, amma yaranta sun wuni suna leƙen tukunyar gidan wasu, ita kuwa ta shiga surfe ana kiran magariba. Mata, kun fi mu sanin wanga aiki. Hatsi sai an surfe shi, an bakace, an wanke, an kai niƙa, kafin ya zama tuwo. Ga itace, ga ruwa, ga kayan miya. Wanda ya kai zakkarsa ranar jajibere ya ba matalauci damar hura wutar Salla a gidansa tare da kowa.

Wa za a ba?

Musulmi matalauci, wanda ciyarwarsa ba ta kanka. Ba ka ba matarka ko ƙaramin ɗanka. Ka fara duba danginka na nesa da maƙwabtanka: gwauruwa mai marayu, tsoho marar mai yi mashi noma, makaho, majinyaci, baƙon da rashin kwanciyar hankali ya koro daga garinsu. Malami ko almajiri, idan matalauci ne, ya karɓa saboda talaucinsa. Zakka ba ladan limanci ba ce, kuma ba tukuicin maroƙi ba ce. Ana iya tara sa'i da yawa a ba gida guda. Ku tuna da masu kunya waɗanda ba su roƙo, ku kai musu da dare, ba da shela ba.

Amfaninta ga gari

A ce ƙauye yana da gida 100 masu iko, kowane gida kai 7. Sa'i 700 ke nan. Idan sa'i kilo biyu da rabi ne, an tara kilo 1750, wato buhu 17 da rabi na kilo ɗari. Ba a jira mota daga birni ba, ba a rubuta ma kowa takardar roƙo ba. Daga rumbunan garin ya fito, cikin garin zai shiga.

Watan azumi yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka yana zagaya rani da damana da kaka. A shekarar 2010 ya kama cikin watan Agusta, tsakiyar damana, lokacin da ƙasarmu ke fama da ƙarancin cimaka bayan damanar 2009 ta yi gardama. A 2025 kuwa ya kama cikin watan Maris. Sallar da ta zo rumbu na cike, fidda zakka ba ta da wuya. Wadda ta zo rumbu ya yi ƙasa, a nan ne tiya guda ke da daraja ga mai karɓa. Don haka mai hankali yakan ware damin zakkar kono tun ranar da yake zuba hatsi a rumbu.

Aikin gida

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya yi abu ukku a cikin kayensa. Ya rubuta sunayen mutanen gidansa. Ya ninka adadinsu sau huɗu. Ya rubuta gidan da zai kai ma, da ranar da zai kai. Wanda hannunsa ya faɗa ya taimaki maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Ku nuna ma malamin ajinku lissafin ya duba, amma sunan wanda za ku ba ya zama sirri tsakaninku da Allah.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai mu Salla lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Sai wani mako, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.