Shafi uku da suka rage daga hannun Shakespeare

William Shakespeare, mashahurin marubucin nan na ƙasar Ingila, ya rasu a shekara ta 1616, ya bar wa duniya wasannin kwaikwayo kusan arba'in. Amma rubutun hannunsa da ya kawo zamaninmu bai taka kara ya karya ba. Sa hannu shida ne masana suka amince nasa ne: ɗaya a takardar shaidar da ya bayar a gaban shari'a a 1612, biyu a takardun cinikin wani gida a Landan a 1613, sauran ukun kuwa a wasiyyarsa ta 1616.

Bayan waɗannan, akwai shafi uku masu layi 147 cikin wani tsohon kundi da ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Kundin wasa ne a kan Thomas More, wazirin Sarki Henri na 8, wanda aka fille wa kai a 1535 domin ya ƙi yarda cewa sarki ne shugaban addini a ƙasar. Anthony Munday ne ya rubuta asalin kundin, daga baya waɗansu marubuta suka yi masa gyara da ƙari. A 1871 Richard Simpson ya ce ɗaya daga cikinsu Shakespeare ne. A 1916 masanin tsoffin rubuce-rubuce Edward Maunde Thompson ya gwada siffar haruffan da sa hannun nan shida, ya goyi bayansa. An kuma lura cewa kalmar da ke nufin shiru an rubuta ta da wani baƙon salo, irin wanda ya fito cikin wani wasan Shakespeare da aka buga a 1600. Yau mafi yawan masana sun yarda hannunsa ne.

A shafin farko na kundin kuma akwai wani hannu dabam, na hukuma. Tun 1581 Sarauniya Elizabet ta ba Edmund Tilney ikon duba kowane wasa kafin a nuna wa jama'a. Da ya karanta wannan, sai ya umarci a cire tarzomar da ke ciki baki ɗaya tare da dalilinta, a ambace ta a taƙaice kawai, ya kuma gargaɗi ƴan wasa cewa in sun saɓa, su kuka da kansu. A wurare da dama ya soke kalmar baƙo ko Bafaranshe, ya maye ta da sunan mutanen Lombardi na Italiya.

Tarzomar ita ce ta 1 ga watan Mayu 1517, ranar da matasan Landan suka far wa gidajen baƙi. Tilney yana da dalilin tsoro, gama a zamaninsa ma birnin cike yake da ƴan gudun hijira daga Faransa da Holan, kuma a 1593 an manna takardar barazana gare su a cocin mutanen Holan. Hukunci kuwa ba abin wasa ba ne: a 1597 an jefa marubuci Ben Jonson kurkuku saboda wani wasa.

Tarzomar nan da hukuma ta haramta, ita ce shafukan uku suka ƙunsa. More yana tsaye gaban taron da ya fusata, yana kiransu su ɗauka su ne sarki ya kora, sun isa wata ƙasa, ba wanda ya ba su masauki. Ba a buga kundin ba sai 1844, shekaru 228 bayan rasuwar Shakespeare. Har yau ana iya ganin inda ya soke kalma ya sake wata, cikin kundi guda da umarnin Tilney.